Ƙaramin jirgin ƙasa na LGB a lambu: aikin yana ƙarƙashin dogo

A cikin kwalin farawa na LGB, wato ƙaramin jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, za ka tarar da kan jirgi ƙirar Stainz, taragai biyu, guntayen dogo masu lanƙwasa guda 12, tiransifoma da makunnin ƙara gudu, sai wayar haɗawa. Guntayen nan 12 kowanne yana juya digiri 30, in ka harhaɗa su sai su ba ka da'ira ɗaya wadda daga tsakiyarta zuwa dogo santimita 60 ne, zagayenta kuma bai kai mita 4 ba. Bayan na yi amfani da shi a waje cikin rani da damina, ra'ayina shi ne kan jirgin ya ci kuɗinsa, dogon ma yana da ƙwari sosai, amma kayan cikin kwalin sun isa tsakar ɗaki ne kawai. Wanda ke son jirgi a lambu ya sani cewa rabin aikin yana gabansa, kuma ba a jikin jirgin yake ba.

Kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg a Jamus ne ya fito da wannan jirgi a 1968, kuma tun 2007 sunan yana hannun kamfanin Märklin. Faɗin dogon milimita 45 ne, ma'aunin kuma 1:22.5, wato an ƙanƙantar da jirgin da ke bin dogo mai faɗin mita ɗaya sau 22.5. Stainz na gaske ɗan ƙaramin kan jirgi ne mai tururi da aka ƙera a 1892 don wani siririn layi a Ostiriya mai faɗin milimita 760. Wannan ya yi kusa ƙwarai da tsohon layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin milimita 762, wanda aka rufe a 1957. Tsohon babban layinmu na Legas zuwa Kano kuwa milimita 1067 ne, don haka mai sha'awar ƙera taragai irin namu da hannunsa zai iya aza su a kan wannan dogon da ma'aunin 1:24, ido ba zai ga bambanci ba.

Kan jirgin yana da nauyi a hannu, robarsa mai kauri ce wadda rana ba ta saurin cinyewa, injin lantarkinsa da giyoyinsa kuma a rufe suke cikin akwati a ƙasa, ƙura ba ta shiga da sauƙi. Yana ɗaukar wuta ta hanya biyu: ta ƙafafunsa huɗu, da kuma ta wasu 'yan takalman ƙarfe biyu masu sifirin da ke goga bisa dogo. Takalman nan su ne rufin asirinsa a waje, domin suna share 'yar dauɗa suna tafe. Yana tashi a hankali ba tare da fizga ba, ya ja taragai huɗu ko biyar a shimfiɗaɗɗen wuri bai nuna gajiya ba. Ƙafafun taragan da suka zo da shi na roba ne, kuma su ne abu na farko da zan ce a sauya. Roba tana barin baƙin maiƙo a kan dogo idan rana ta gasa shi, na ƙarfe kuwa ba sa yin haka, ga shi suna ƙara nauyi daga ƙasa, iska ba ta saurin kayar da tarago.

Kwanar da ta zo a kwali, wadda ake kira R1, Stainz yana bin ta lafiya domin shi gajere ne. Matsalar tana zuwa ran da aka sayi doguwar tarago ko babban kan jirgi: bakin ƙafa yana gurzar dogo, gudu ya ragu a kwana, ƙafa da dogo duk su ci juna. In fili ya samu a sayi R3, wadda guda 16 ke yin da'ira mai faɗin kusan mita 2.4. R1 a bar ta don gwaji a ɗaki ko wani ɗan lungu da ba yadda za a yi.

Yanzu ga inda aikin yake. Dogon tagulla ne zalla, tsayinsa kimanin milimita 8.4, a ɗaure bisa 'yan katakon roba, kuma ko babba ya taka shi a kan ƙasa mai tauri ba ya lanƙwashewa. Amma in aka shimfiɗa shi a kan turɓaya ko ciyawa, ruwan farko zai zaizaye gefe ɗaya, dogon ya karkace, jirgi ya riƙa sauka a wuri guda kullum. Sai an yi masa gado. A haƙa rami mai faɗin santimita 20, zurfin 10 zuwa 15, a bi duk tsawon layin. A daddaɓe ƙasan, a shimfiɗa yadin hana ciyawa irin mai barin ruwa ya wuce. Kada a sa leda, domin leda tana tare ruwa, gadon ya zama kwata. A zuba tsakuwa mai ɗan girma, ta milimita 10 zuwa 20, har kashi biyu cikin uku na ramin, a sake daddaɓewa, sannan a cika da ƙanana na milimita 3 zuwa 5. Layi mai tsawon mita 10 a zurfin santimita 10 zai ci baro uku zuwa huɗu. Tsakuwar kuma lallai ta zama fasasshiya ta kwari, mai kaifin baki, irin wadda ke cije juna. Ta rafi mai santsi mirginawa take yi, ba ta riƙe komai, yashi kuwa ruwa ne ke tafiya da shi, abin da ya rage ya shige cikin giya.

A wurin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya fi kyau gadon ya ɗara ƙasar lambu da santimita 5 zuwa 10, a tare gefensa da jan bulo ko duwatsu, a binne guntun bututu a ƙarƙashi duk inda ruwa ya saba bi. Littattafan Turai da yawa suna ba da shawarar shimfiɗa dogo a kan katako. Inda akwai gara wannan asarar kuɗi ce, bulo da tsakuwa su ne abin dogaro.

Bayan an aza dogon a zuba ƙananan tsakuwa a kai, a share da buroshin fenti har ta cika tsakanin katakon robar, kada ta taɓo saman dogo ko ta tsaya a cikin gefensa inda bakin ƙafa ke bi. Sai a ɗauko lebur ɗin magina. Hawa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, a kwana ma ya gaza haka, domin kwana da hawa in suka haɗu suna rage abin da kan jirgi zai iya ja matuƙa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne aza lebur a gicciye, daga dogon hagu zuwa na dama. Stainz ƙafa huɗu gare shi a jikin akwati ɗaya mai tauri, idan dogo ya murɗe ko da milimita 2 ko 3 ne cikin ɗan gajeren wuri, ƙafa ɗaya za ta tashi sama, wuta ta yanke ko jirgi ya sauka.

Kada a kafe dogon da ƙusa. Tagulla tana miƙewa da zafi, kimanin milimita 0.019 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin sanyin asubar hunturu da tsakar ranar bazara, ƙarfen da ke kwance a rana zai iya samun bambancin digiri 40 ko fiye, wato miƙaƙƙen layi na mita 10 zai ƙaru da kusan milimita 8. In an kafe shi ba inda za shi, sai ya bankare gefe ko ya ɓalle 'yan haƙoran robar da ke riƙe da shi. In kuwa yana kwance cikin tsakuwa, kwanoni ne ke ɗan matsawa waje da rana su dawo da dare. Wanda ya shimfiɗa da sanyin safiya ya bar gibin milimita ɗaya a mahaɗar kowane dogon guntu mai mita 1.2. Wanda ya shimfiɗa da tsakar rana ya haɗa su baki da baki.

Wannan miƙewa da tsukewa ita ce ke kawo ciwon da ya fi damun kowane layin tagulla a waje, ko na wane kamfani ne. Mahaɗan da ake zurawa a bakin dogo suna sassautawa a hankali, ƙura da ruwa su shiga, tagullar ta yi duhu daga ciki, wuta ta kasa wucewa sosai. Alamarta ba ta ɓuya: jirgi yana gudu kusa da inda waya ta shiga, ya riƙa ja da ƙyar a can nesa. Mutane da yawa a nan suke zargin injin, alhali lafiyarsa ƙalau. Gano mahaɗar da ta lalace ba wuya. A bar jirgin yana tafiya a can gaba, a sa mitar masu gyaran lantarki a ma'aunin volt, a taɓa dogo ɗaya ta gefen mahaɗa nan da can. Mai lafiya kusan sifili za ta nuna, wadda ta nuna rabin volt ko fiye ita ce. Rigakafin farko shi ne a goge bakin dogo ya yi haske, a matse mahaɗar da filaya, a shafa ɗan man girafait kamar ƙwayar gero kafin a zura. Maganin da ya fi daɗewa shi ne a cire na zurawar a sa matsen tagulla masu noti, waɗanda kamfanoni irin su Massoth ke yi. Suna da tsada in an lissafa biyu a kowace mahaɗa, amma a ganina sun fi sayen ƙarin tarago amfani. A kuma binne waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5 a gefen layin, a riƙa ba dogo wuta duk bayan mita 4 ko 5, ana lura kada a juya ja da baƙi. Dogayen guntaye ma suna taimakawa, tunda mita 1.2 guda ɗaya tana maye gurbin gajeru huɗu masu santimita 30.

Saman dogon shi ma yana duhu, kuma wannan duhun ba ya wuce da wuta. Kafin kowace tafiya sai an bi layi da tsintsiya mai laushi, sannan a goga da dutsen goge dogo na roba, wanda LGB ke sayarwa da lamba 50040. Samfefa mai kaushi ba ta dace ba, tana barin zane-zanen da dauɗa ke maƙalewa a ciki. Da hunturu ƙura ce abokiyar faɗa, tsumma busasshe ya ishe ta. A ƙarƙashin darbejiya kuwa ga ganye, ga 'ya'ya, ga kashin tsuntsu, don haka in da hali a kauce wa inuwarta ko da tana da daɗin zama. Tururuwa ma suna son bin saman dogo, jirgi ya murƙushe su, su manne a ƙafa.

Shukar gefen layi tana buƙatar almakashi a kai a kai. A bar aƙalla santimita 15 daga tsakiyar dogo zuwa ganye na farko, a kwana a ƙara. Lalle yana da ƙananan ganye, yana jure aski, in aka yi masa gindi ɗaya sai ya tsaya a matsayin bishiya daidai girman jirgin. Na'a-na'a da kiri-kiri kuwa a nisanta su, domin suna rarrafe ta ƙarƙashi su ɓullo a tsakiyar tsakuwa. Ban ruwa a yi shi a gindin shuka, kada a fesa bisa gado, yana wanke ƙananan tsakuwa ya fantsama laka a kan dogo.

Tiransifomar kwalin ƙarama ce, amp ɗaya, ta isa Stainz shi kaɗai a gajeren layi. Ba a yi ta don ruwa ba, a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa mai kyau take zama, wayar ƙaramar wuta kaɗai ke fita lambu. Wutar dogon ba ta wuce volt 24, yaro zai taɓa ba abin da zai same shi. Mai saye daga waje ya duba lallai ta volt 230 ce irin ta Turai, kada ya ɗauko ta Amurka mai 120. Inda wuta ba ta zama, mayar da jirgin kan batir yana da ma'ana: a cire takalman da burushin da ke ɗaukar wuta daga ƙafafu, a ɗora batir mai volt 14 zuwa 18 da na'urar rimot a tarago ta farko. Daga nan duhun dogo da sassaucin mahaɗa sun daina zama damuwa, sai dai batir ba ya son a bar shi cikin rana.

Mai kaɗan ake sa wa kan jirgin, ɗigo ɗaya a bakin allura a kowane gaɓar sandunan ƙafa, kuma irin wanda ba ya cin roba. Baƙin man mota ko mai da yawa yana kama ƙura ya zama abin niƙa. Kada a tura kan jirgin da hannu a kan dogo, domin giyarsa irin mai murɗi ce da ba ta juyawa daga ƙafa, haƙoran roba ne za su karye. Wanda ya buɗe murfin ƙasa don shafa giris ya tabbata ƙafafun gaba da na baya suna fuskantar wuri ɗaya kafin ya rufe. Haƙori ɗaya in ya goce, sandunan za su riƙa cijewa a kowane juyi.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, ga kuɗin aikowa, tunda tagulla nauyi gare ta. Dogo na hannu ba abin gudu ba ne ko ya yi baƙi ƙirin, gogewa kawai yake so, abin dubawa shi ne haƙoran robar ba su karye ba kuma ba a lanƙwasa shi sama ko ƙasa ba. Kan jirgi na hannu kuwa a juya shi a duba takalman ko sun huje, a duba zoben robar da ke ƙafa ɗaya ko ya tsage, a kuma sa shi ya yi tafiya a mafi ƙarancin gudu gaba da baya. In yana ɗingishi a wuri ɗaya cikin kowane juyin ƙafa, giya ta ci ko ta goce, sai a rage kuɗin gyara daga farashin.