Kafin ku sayi kayan koya wa yara karatu da lissafi

Shekarun baya na saya wa 'yata wata 'yar na'ura ta roba mai maɓallai, wadda idan an danna harafi sai ta faɗi sunansa ta rera waƙa. Cikin sati biyu yarinya ta haddace waƙar haruffan tsaf, mu kuwa sai murna. Wata rana na rubuta "ba" a takarda na ce ta karanta mini. Ta dube ni, ta dubi takardar, sai ta ɗauko waƙar daga farko. Abin ya tsaya mini a rai, don a ranar na gane hadda na saya mata, karatu kuwa ko ƙofarsa ba mu taɓa ba. Tun daga lokacin, duk kayan koyarwar da zan saya sai na tambayi kaina ko yana nuna wa yaro yadda abin yake aiki, ko kuwa bakinsa kawai yake cikawa.

Maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu kuwa suna zuwa makaranta kullum.

Ku fara gwada yaron kafin ku buɗe jaka. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tana da gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida: a ba yaro haruffa, in ya iya a ba shi kalmomi, in ya iya a ba shi 'yan jimloli, sannan labari. A lissafi ma haka, daga gane lamba ɗaya zuwa tara, sai lamba mai gida biyu, sai ɗebewa, sai rabawa. Inda ya cije, nan ne matakinsa, ko da shekarunsa sun wuce haka. Shekarun da ake rubutawa a jikin kwali na talla ne. Ɗan shekara tara da bai gane haruffa ba, kayan haruffa yake buƙata, kuma babu abin kunya a ciki.

Kayan karatu

Wani kwamitin masana da gwamnatin Amurka ta kafa ya ba da rahoto a 2000 cewa koyon karatu yana tsaye ne a kan abubuwa biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba tare da gargada ba, yawan kalmomi, da fahimta. Ingila ta bi sahu bayan rahoton masanin ilimi Jim Rose na 2006, har ta shigo da gwajin haɗa sauti ga yara 'yan kimanin shekara shida a 2012. Amfanin sanin wannan ga mai saye shi ne babu kaya ɗaya da ke ɗauke da biyar ɗin. Duk wanda ya ce muku akwatinsa ya haɗa komai, ciniki yake nema.

Allon haruffa na bango, mai harafi da hoto, shi aka fi saye, kuma shi ya fi ƙarancin amfani. Yaro yana haddace wurin da harafi yake ne, in aka cire shi daga jerin sai ya ɓace masa. Katin haruffa ya fi shi nesa ba kusa ba, domin ana iya gauraya shi. Amma wanda ya fi su duka a wurina shi ne haruffan da ake ɗauka a hannu a jera, na katako ko na roba ko masu maganaɗisu. Likitar nan ta Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta lura cewa yaro yana iya harhaɗa kalma tun kafin hannunsa ya yi ƙwarin riƙe fensir. Ku jera masa "kai", ku zare k ku sa r ya zama "rai", ku sake sa m ya zama "mai". A nan yake gani da idonsa cewa canza harafi ɗaya yana canza kalma. Ku tabbata ƙananan haruffa ne, don su suka cika littafi, kuma kowane wasali ya zo fiye da ɗaya. Na taɓa ganin saiti mai a guda ɗaya tak, wanda ko "baba" ba za a iya jerawa da shi ba.

Haruffan Montessori masu kaushi, waɗanda yaro ke bi da yatsa, suna taimaka wa mai rikita b da d. Ba dole sai an saya ba. Faranti da ɗan yashi a ciki yana yin kusan aiki iri ɗaya.

Sai batun harshe, inda iyaye da yawa ke yin asarar kuɗi. Yawancin kayan da ke kasuwa don Turanci aka yi su. Tsarin Jolly Phonics, alal misali, yana koyar da sautuka 42 na Turanci, kuma rukuninsa na farko shi ne s, a, t, i, p, n. Tsari ne mai kyau ga aikin da aka yi shi dominsa. To amma Hausa ba ta da p, harafin c ɗinta kuma ba ya yin sautin k kamar yadda katin Turanci zai koya wa yaro. Ba za ku sami ɓ da ɗ da ƙ da 'y a saitin ba, balle ts. In da Hausa yaron zai fara, ku nemi saitin da aka yi don ita, ko ku sayi fararen katuna ku rubuta da kanku. Kuma ku yi katin gaɓoɓi, ba, bi, bu, ka, ki, ku, saboda rubutun Hausa yana tafiya da furuci sosai, yaron da ya kama gaɓa yakan yi saurin karanta kalma. Ni dai ra'ayina shi ne yaro ya fara da harshen da yake mafarki da shi. Wanda ya gane sirrin haɗa sauti a harshensa, ba zai sake koyonsa daga tushe ba idan ya shiga wani harshe.

Littattafai iri biyu ne, kuma kowanne da aikinsa. Akwai 'yan ƙananan da aka rubuta da haruffan da yaro ya riga ya koya kaɗai, waɗanda shi zai karanta da bakinsa. Labarinsu ba ya da daɗi sosai, amma su ne ke sa ya ce "na iya". Akwai kuma masu hoto da labari mai armashi, waɗanda babba zai karanta masa don kunnensa ya cika da kalmomi. In kuɗi bai kai ba, shafukan African Storybook da StoryWeaver da Bloom suna da littattafai kyauta a harsuna masu yawa, har da Hausa, ana iya saukewa a buga a takarda. Sai dai ku karanta kafin ku ba yaro, don wasu ba su sa ƙugiyar haruffa daidai ba.

Allo da alli, ko ƙaramin farin allo da maka, kada a raina su. Yaro ba ya jin tsoron kuskuren da zai iya gogewa.

Kayan lissafi

Nan ne na fi son mai saye ya nutsu. Yaro zai iya ƙirga ɗaya zuwa ɗari kamar ruwa, amma ku ce ya miƙo muku abu bakwai ya kasa. Masanin ilimi ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a 1966 cewa fahimta tana bin matakai uku: yaro ya taɓa abu da hannu, ya gan shi a zane, sannan ya rubuta shi da alama. Singafo ta gina koyar da lissafinta a kan wannan. Allon sau na bango da littafin cike gurbi duk a mataki na uku suke, shi ya sa in aka fara da su sai a sami hadda ba fahimta.

Matakin farko ba ya buƙatar saye. Marafan kwalba ko 'yan duwatsu sun isa. Abin da ya kamata a kashe wa kuɗi shi ne kayan da ke nuna goma, domin a nan yara suke faɗuwa. Ƙirgan Hausa yana taimakawa a wani wuri, "goma sha uku" da kansa yana faɗin goma da uku. Amma "ashirin" da "talatin" ba sa gaya wa yaro cewa goma biyu ne da goma uku, sai an nuna masa.

Tubalan Dienes, waɗanda masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari, Zoltan Dienes, ya yaɗa, su ne gwanaye a wannan. Ɗan ƙaramin tubali ɗaya ne, sanda goma ce, faifai ɗari, babban tubali dubu. Idan za a ɗebe 8 daga 32, yaro zai ga ƙananan biyu ba su isa ba, sai ya canza sanda ɗaya da ƙanana goma. Wannan shi ne "aro" da ake ta fama da shi a aji, ga shi a tafin hannunsa. Tsinke da robar ɗauri suna yin wannan aikin, a ɗaure goma goma, kuma ta wata fuskar ma sun fi, don yaro da kansa yake kwance ɗaurin. Da irin su Pratham ke koyarwa. Mai aji na yara sittin ya fi dacewa da tsinke, tunda kowa zai samu nasa.

Sandunan Cuisenaire daban suke. Wani malamin firamare ɗan Beljiyam, Georges Cuisenaire, ya ƙirƙiro su. Guda goma ne, daga santimita 1 zuwa 10, kowace da launinta: fara ɗaya, ja biyu, rawaya biyar, ruwan lemo goma. Suna nuna cewa 7 da 3 tsawonsu ɗaya da 6 da 4, kuma suna da amfani har zuwa darasin kashi-kashi. Matsalarsu ita ce sai babban da ya san yadda ake aiki da su. In ba haka ba, gini kawai yara za su yi ta yi. Malami ya saya, amma uwa ko uban da ba su da lokacin koyon su, gara su ɗauki Dienes.

Abakus kuma, wato abin ƙirga mai ƙwayoyi jere a kan sanduna, kala-kala ne, kada sunan ya ruɗe ku. Wanda ya cika kasuwa, mai layi goma kowane layi da launinsa, kyan gani ne da shi kawai, domin yaro sai ya ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Rekenrek, wanda Adri Treffers na ƙasar Holan ya tsara, layi biyu ne, kowanne da ja biyar da fari biyar. Yaro yana kallo ɗaya ya ce bakwai, don ya ga biyar da biyu. Ga ɗan shekara biyar zuwa bakwai, shi zan fara saye kafin komai. Soroban na Japan, mai ƙwaya ɗaya a sama wadda ke matsayin biyar da huɗu a ƙasa, yana sa saurin lissafi matuƙa, amma sai da malami da atisaye na dogon lokaci, kuma sai yaro ya riga ya gane gidan ɗaya da gidan goma.

Wasan allo mai lambobi ma yana da rawar da yake takawa. Masu bincike Robert Siegler da Geetha Ramani sun nuna a 2008 cewa ƙananan yara da suka buga wasa a kan layi miƙaƙƙe mai lamba 1 zuwa 10 sun ƙaru wajen gane wace lamba ta fi wata. Sirrin shi ne yaro ya riƙa faɗin lambar gidan da yake takawa, "shida, bakwai", maimakon "ɗaya, biyu".

Waya da kwamfutar hannu

Ba na ƙin su, amma su nake sa wa a ƙarshen layi. Ƙasar Peru ta raba wa ɗalibai dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, binciken da aka fitar a 2012 kuwa bai ga ƙari a sakamakon lissafi da harshe ba. A ɗaya ɓangaren, manhajojin onebillion da Kitkit School, waɗanda suka lashe gasar Global Learning XPRIZE a 2019 bayan gwaji a ƙauyukan Tanzaniya, sun nuna cewa manhajar da aka tsara mataki-mataki tana iya koyarwa. Ke nan abin da ke cikin na'urar shi ne abin dubawa. Ku zauna ku yi wasa da manhajar minti goma kafin ku biya. Ku yi kuskure da gangan ku ga ko za ta gyara muku, ko kuwa za ta bar ku ku yi ta dannawa har ku dace. Ku duba ko tana aiki babu intanet, ko talla na faɗowa, da kuma harshen da take magana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon na'ura.

Game da ƙarko, katako ya fi daɗewa, roba ta fi sauƙin wankewa, kati kuma sai an lulluɓe shi da leda in ana so ya ga baɗi. In akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, ƙananan tubala da ƙwayoyi suna iya shaƙe shi. Maganaɗisu ya fi haɗari, domin idan yaro ya haɗiye guda biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Ku juya bayan harafin ku ƙwaƙule shi da farce. In ɗan maganaɗisun ya motsa, ku ajiye saitin ku nemi wanda aka shimfiɗa masa maganaɗisu a bayansa gaba ɗaya.