Ryzen 5 5600G da ram guda biyu: yadda na same su a aikin shago a Maradi

Ga wanda yake son haɗa kwamfutar tebur da kuɗi kaɗan, domin buga takardu, zana katin aure, gyaran hoto da ɗan yanka bidiyo, firosesan Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya cancanci kuɗinsa, amma bisa sharaɗi guda: a haɗa shi da ram biyu iri ɗaya, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke ajiye aikin da take kai. Na haɗa irin wannan na'ura a wani shagon buga takardu da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke yawan kai aikinsu, kuma hukuncin da zan yanke ya dogara ne ga abin da na ga tana yi a can.

A shekarar 2021 aka fitar da firosesan. Yana da ƙwayoyin aiki 6 da layukan aiki 12, gudunsa yana tashi daga gigahaz 3.9 zuwa 4.4, an ƙera shi a kan watt 65, kuma sabo yana zuwa da fankarsa a cikin kwali. Abin da ya fi waɗannan alƙaluma muhimmanci ga mai ƙaramin jari shi ne sashen hoto na Radeon da aka gina a cikinsa, domin shi ke sa a tsallake sayen katin hoto na daban, wanda yakan cinye kaso mai tsoka na kuɗin, ya ƙara jan wuta, ya kuma ƙara zafi a cikin akwati. A shagon, CorelDraw da Photoshop da Word suna buɗe tare, firinta tana aiki, ba a jin na'urar tana nishi.

Sai dai a kula da harafin ƙarshe. Ryzen 5 5600 wanda babu G a sunansa ba shi da sashen hoto, haka ma Core i3-12100F na Intel. Wanda ya saye su ba tare da katin hoto ba, baƙin gilashi kawai zai gani. Shi kuwa i3-12100 marar F, wanda ya fito a 2022 da ƙwayoyi 4, abokin takara ne na gaske, yana da sauri a aikin ofis, amma sashen hotonsa bai kai na 5600G ba.

Maganar ram ita ce inda ake yawan tafka asara. Sashen hoto na wannan firosesa ba shi da ma'adana tasa, daga ram ɗin kwamfuta yake ɗiba, saboda haka faɗin hanyar da ke tsakaninsu shi ke iyakance ƙarfinsa. Ram ɗin DDR4 mai gudun 3200, idan shi kaɗai ne, yana iya jigilar bayanai har gigabait 25.6 a daƙiƙa. Idan biyu ne suna aiki tare, adadin ya zama 51.2. Rijiya ɗaya ce, amma mai guga biyu ya riga mai guga ɗaya cika randa. Mai shagon kayan gyara ya ce mini, “Malam, ka ɗauki guda ɗaya mai 16, in Allah ya hore ka ƙara.” Shawarar tana da daɗin ji, sai dai ranar da aka zo ƙarawa ba lalle a sami irinsa ba, kuma ram biyu masu bambancin gudu sukan koma gudun wanda ya fi rauni. Biyu masu gigabait 8 daga kwali ɗaya su ne zaɓina. Gigabait 8 gaba ɗaya ya yi kaɗan, tunda sashen hoto zai yanki rabonsa kafin Windows ta taɓa saura.

Ko bayan saye akwai sauran aiki. A babban allo, wanda firosesa da ram ke hawa, idan yana da gurbin ram huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake cikawa, ba biyun da ke maƙwabtaka ba, kuma littafin allon yana nuna hakan. Sannan ram da yawa da aka rubuta 3200 a jikinsu sukan tashi a 2133 ko 2400 har sai an shiga BIOS, shafin saitin allon, an kunna XMP, saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, wanda allunan Asus ke kira DOCP. Manhajar CPU-Z ta kyauta tana nuna gaskiyar lamari: idan ta rubuta kusan 1600 a wurin gudu, to ram ɗin yana kan 3200 ɗinsa, domin rabin adadin take nunawa. Sabon ram na DDR5 kuwa ba ya shiga wannan allo ko kaɗan, tsagar da ke ƙasansa ma ba wuri ɗaya take ba.

Firosesan yana da nasa aibi. Ma'adanarsa ta ciki megabait 16 ce, rabin ta 5600 marar G, kuma hanyarsa zuwa katin hoto a kan tsohon zubin PCIe 3.0 ta tsaya, saboda haka mai niyyar sa babban katin hoto nan gaba gara ya duba wani. Gurbin AM4 da yake hawa ya tsufa, sababbin firosesan AMD sun koma AM5. Tsohon allon B450 da ya daɗe a kanta yana iya ƙin tashi da shi sai an sabunta BIOS, don haka a nemi mai sayarwa ya kunna shi a gaban mai saye. Ƙafafun firosesan a jikinsa suke, sirara ƙwarai. Wanda zai sayi na hannu ya ɗaga shi wajen haske ya bi layi-layi, domin ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe tana iya kashe gurbin ram guda.

Fankar da ke cikin kwali tana wadatarwa, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, ana jin ƙararta a shago marar na'urar sanyaya ɗaki. Iyakar zafin firosesan digiri 95 ne, yana kuma rage gudu da kansa idan ya kai nan. Ƙurar hunturu ta fi zafin ɓarna, domin takan toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, sai an buɗe an hure.

Wani zai ce tsofaffin Dell da HP na hannu da ake shigowa da su sun fi araha, kuma gaskiya ne. Amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel daga zubi na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin waɗannan na'urori zubi na 4 ne ko na 6. Shi 5600G yana cikin waɗanda aka amince da su. Kuɗin da aka tsira da su daga katin hoto kuwa, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, na'urar riƙe wuta ya kamata su tafi, kafin a yi tunanin akwati mai fitilu.