Lita biyu ba ta kai mu ga dainason ba

Tun ranar da aka ba su dogon hutu babban ɗana ya hana ni sakat a kan fim ɗin Transformers na huɗu, wanda ake kira Age of Extinction. Bai san labarin ba, bai san 'yan wasan ba. Fasta kawai wani abokinsa ya nuna masa a waya a hanyar Islamiyya: Optimus Prime, shugaban mutum-mutumin ƙarfen da ke rikiɗa su zama motoci, riƙe da takobi, ya haye gadon bayan wani ƙaton dainaso na ƙarfe. Shi ke nan. Da safe dainaso, da dare dainaso, har autanmu da bakinsa bai gama nuna ba ya kama, yana yawo a tsakar gida yana "danaso, danaso".

Ban yi wata gardama ba, don ni ma ina da tsohuwar soyayya da fim ɗin nan. Na farkon, na 2007, a gidan kallo na gan shi ina saurayi, a kan benci. Har gobe ina tuna jirgin nan mai saukar ungulu da ya dira a sansanin sojan Amurka a Katar, ana ta yi wa matuƙin magana ya fito, sai farfelar ta tsaya cak, ta naɗe, jirgi ya miƙe tsaye da ƙafafunsa. Gidan kallo ya yi tsit, sannan aka ɓarke da ihu. Mun saba ganin bos da bindiga, mun saba ganin bos mai kareti, amma bos ɗin da shi ne jirgin kansa, wannan sabo ne. Saboda haka da yaro ya matsa, a raina na ce ai ni ma zan sha kallo.

Na je wurin yaron da ke tura mana fina-finai a bakin layi, ya zuba min a filash, hoto tas, ba irin wanda ake ɗauka da waya a sinima kana ganin kawunan mutane ba. Shi ba shi da laifi. Laifin nawa ne, ban tambayi tsawon fim ɗin ba.

Ranar Juma'a bayan Isha'i, babu wuta kamar yadda aka saba. Na aiki yaro wurin 'yan bumburutu ya sayo lita biyu, kun dai san yadda lita take yanzu, ba sai na faɗa ba. Ƙaramin injina, in talabijin ce da fanka da sifika, lita biyu takan kai mu awa biyu da ɗan ɗori. Na ce wane fim ne zai wuce haka, in ba na Indiya ba? Aka shimfiɗa tabarma, yaran maƙwabta suka ji labari suka shigo, sai ga yara bakwai. Uwargida ta kawo gyaɗa, ta zauna a bakin ƙofa tana cewa ita ba kallo take ba.

An fara da kyau, wallahi. Minti na farko ga dainaso na gaske suna gudu, wasu jirage daga sama suna jefo wani abu da ke mayar da ƙasa da dabbobi ƙarfe. Yara suka tashi tsaye. Babban ya juyo ya ce, "Baba, ka gani ko? Na faɗa maka!" Ashe wannan ɗanɗano ne, irin wanda mai tsire ke ba ka kafin ya cika maka takarda da kitse da albasa.

Daga nan aka kai mu Texas, gonar wani mutum mai ƙere-ƙeren da ba sa aiki, Mark Wahlberg ne ya fito a matsayinsa, bashi ya yi masa katutu, ga 'yarsa budurwa. Ya sayi wata tsohuwar babbar mota mai tsatsa a wani rusasshen gidan sinima kan dala 150, ashe Optimus ne ya ɓuya, don wasu jami'an leƙen asiri suna farautar shi da 'yan uwansa tun bayan ɓarnar da aka yi a Shikago a fim na uku. Wannan ban ƙi shi ba. Har ma na ji tausayin Optimus, tsohon sarki a rumbun wani talaka, yana tari, jikinsa duk ramin harsashi. Da a nan aka tsaya aka gina labarin, da an samu fim.

Amma ina. Uba da 'ya da saurayin 'ya suka shiga cacar baki, suka ƙi fita. Yaran ba sa jin Turanci sosai, ni ne tafinta, duk minti biyar sai an ce "Baba me ya ce?" Akwai wurin da saurayin, ɗan shekara 20, ya zaro wani kati daga walat ɗinsa yana karanta wa uban wata dokar jihar Texas, wai ita ta halatta masa tarayya da yarinyar mai shekara 17. A fim ɗin da aka gina a kan kayan wasan yara! Babban ya ce, "Baba, mene ne yake nuna masa?" Na ce lasin tuƙi ne. Uwargida, wadda ba kallo take ba, ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Na rasa wanda ya zauna ya rubuta wannan wuri, na kuma rasa wanda ya karanta ya ce a bar shi. Kamfanin Hasbro ne ke da waɗannan mutum-mutumin tun 1984, asalinsu ma kayan wasa ne na kamfanin Takara na Japan, kowa ya san yara ne kasuwarsu. To me ya kawo katin doka?

Awa ɗaya ta wuce. Auta ya fara gyangyaɗi, yana farkawa yana cewa "danaso ya zo?" Na ce saura kaɗan. Awa ɗaya da rabi, an yi wani gagarumin faɗa a Shikago, jirage sun faɗo, na ce to alhamdulillahi an zo ƙarshe, yanzu za su fito. Sai kawai fim ya kwashe kayansa ya koma ƙasar Sin, kamar wanda aka fara sabo. A nan na danna rimot na duba tsawonsa. Minti 165. Awa biyu da minti arba'in da biyar. Na dubi agogo, na kasa kunne wajen inji, na yi shiru da bakina.

An haura awa biyu kafin Optimus ya je ya kwance waɗannan dainason na ƙarfe. Ya tsaya gaban babbansu, Grimlock, suka gwabza, ya kai shi ƙasa, ya ɗaga takobi zai hau. Yara shida a tsaye, auta ya riga ya yi nisa a cinyar uwarsa. Inji ya yi tari sau biyu. Fanka ta rage gudu. Ɗif.

Ba zan manta shirun nan ba. Sai ƙarar kwaɗi daga kwatar bayan gida, don an yi ruwa da yamma. Babban bai yi kuka ba, da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "Baba, ko a ɗan girgiza shi?" Na fita da tocila na karkata injin, ya tashi na daƙiƙa kamar goma, kafin talabijin ta gama kawo hoto ya sake mutuwa. Sha ɗaya saura, masu mai sun tashi. Yaran maƙwabta suka sa takalma suka fita ba ko sai da safe. Uwargida ta ce, "Malam, da kuɗin nan kifi ka sayo mana."

Sai ranar Lahadi da rana da aka kawo wuta muka ƙarasa. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: rabin awar nan ta Hong Kong ta ƙayatar da ni. Wurin da jirgin bos ɗin, Lockdown, ya kunna wani ƙaton maganaɗisu yana zuƙe motoci da jiragen ruwa sama yana sako su a kan gari, na saki baki kamar yaran. Shi kansa Lockdown bos ne na kirki, ba ya yawan surutu, fuskarsa ce ke rikiɗa ta zama bakin bindiga, in ya koma mota kuma Lamborghini ce. Muryar Optimus, wadda Peter Cullen yake yi tun zamanin katun ɗin 1984, ko a 'yar sifikata sai da ta sa tabarma rawa. Michael Bay, daraktan, ya iya fashe abu. Wannan ba mai ƙwace masa. In ya sa mota ta yi tsalle ta tarwatse da hantsi, rana na haska ƙurar, za ka ga inda dala miliyan 200 da ɗoriya ta shiga. A lokacin har na fara cewa a raina wataƙila na zalunci fim ɗin, fushin mai ne kawai.

To amma da na kwanta na sake lissafi sai haushin ya dawo sabo. Dainason da aka sayar mana a fasta, duka-duka nawa suka yi? Ba su yi magana ba, ba a ba su hali ba, ko sunansu yaran ba su kama ba. Sun zo, sun tattake, an sallame su. Kamar a gayyace ka cin ɗan rago, a cika ka da ruwa da jawabi, sai za ka tafi a miƙo maka ƙashi.

Wani abin da ya fi ci min rai ma, ban lura da shi sosai ba sai a kallo na biyu. Daɗin Transformers ai shi ne rikiɗar: ka ga ƙofar mota ta zama kafaɗa, taya ta koma ƙafa, gilashi ya zauna a ƙirji, da wannan ƙarar ƙarfe na shiga ƙarfe. Ko bakanike zai tsaya ya kalla. A wannan fim sai aka kawo sababbi, su Galvatron, da wani kamfani ya ƙera, su ba sa naɗewa, tarwatsewa suke su zama 'yan ƙananan dunƙule suna shawagi a iska kamar tururuwa, su haɗe a can gaba. Wannan ai ha'inci ne. Babban ɗana ma da ba ya sukar komai cewa ya yi, "Wannan ba canzawa ba ce, narkewa ce."

Sai talla. Jarumi ya faɗo da jirgi a tsakiyar titi ya daki motar giya, kwalabe suka watse, ya ɗauki ɗaya ya buɗe ya kurɓa, kyamara ta tsaya a kan sunan. Can a Hong Kong ana gudun ceton rai, wani ya tsaya a saman bene yana zuƙar madarar kwali ta 'yan Sin. Da na ga alƙaluman sai na gane. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1, shi ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 2014, kuma abin da ya samu a Sin, sama da miliyan 300, ya fi na Amurka. Ashe komawar da aka yi can, wadda ta cinye min mai, ba labari ne ya kai mu ba, kasuwa ce. A ƙarshen Yuni suka sake shi, lokacin zafinsu da hutun makarantunsu, sa'ar da mutum ke neman ɗaki mai sanyi ya zauna ko awa uku ne. Su sanyi suke saye da tsawon fim. Ni da lita nake auna shi.

Kada a ce ban san na kirki ba ne. A filash ɗin akwai Pacific Rim na 2013, na Guillermo del Toro, wanda yaron ya ƙara min kyauta. Shi ma ƙattin ƙarfe ne, shi ma akwai faɗa a Hong Kong, shi ma labarinsa ba wani zurfi. Amma galibi mutum biyu ne ke tuƙa ƙaton daga cikin kansa, in zai kai naushi sai ka ga hannun ya ɗauki lokaci kafin ya isa, ka ji nauyinsa a ƙirjinka. Da ya jawo jirgin ruwa guda a kan titi ya rafka wa dodo kamar taɓarya, auta da kansa ya san wa ya daki wa. A Transformers ɗin kuwa, in ƙarfe launin toka ya rungumi ƙarfe launin toka, kyamara na juyi, sau uku ana tambayata, "Baba, namu ne ya faɗi ko nasu?" ni ma ban sani ba. Ga jarumi Idris Elba a Pacific Rim ɗin, wanda ko tsayuwa ya yi ya isa. Awa biyu da 'yan mintuna, an gama.

In za ku kalli na huɗun nan da yara, ku fara daga inda aka isa Hong Kong, ba abin da za ku rasa sai ciwon kai. In kuwa da inji ne, lita uku, kuma rimot ya zauna a hannunku saboda wurin katin nan.

Jiya babban ya dawo da sabon labari, wai akwai na biyar, The Last Knight na 2017, har da dodo mai kai uku. Na biya wurin mai turawa, wannan karon na tambaya. Ya duba ya ce awa biyu da rabi, kuma har da Sarki Arthur na Ingila a ciki. Na ce me ya haɗa tirela da Sarki Arthur? Ya ce, "Wallahi Alhaji ni ma ban gane ba." Na ce ya bar shi, ya sa min Bumblebee na 2018, mai 'yar ƙaramar Volkswagen rawaya. Minti 114 ne. Na riga na aika a sayo lita biyun.