Kafin ka sayi sintesaiza don kiɗan fim na ban tsoro a Sakkwato

Wani ƙanena a sana'a, yaro mai ƙwazo daga Mabera, ya same ni a situdiyo da gajeren fim ɗin da suka ɗauka a fadama wajen hanyar Wamakko. Labarin wani abu ne da ya faɗo daga sama cikin dare, duk wanda ya kusance shi sai muryarsa ta sauya. Hoto ya fita tsaf, 'yan wasa sun yi ƙoƙari, amma kiɗan da aka ɗora a kai irin na fiyanon biki ne, da ka ji shi sai tsoron ya watse. Ya ce da ni, "Yaya, so nika yi in mutum ya ji kiɗan ga, tsikar jikinai ta tashi, irin na finafinan Turawa na dauri. Mi za ni saye?" Amsar da na ba shi ce zan shimfiɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Sai an san daga ina sautin yake fitowa kafin a taɓa aljihu. Sintesaiza na'ura ce da ke ƙera sauti daga lantarki. Akwai osileta da ke haifar da amon, akwai filta da ke tace shi, tana rufe kaifinsa ko ta buɗe. In ka saita osileta biyu kusa da juna amma ba daidai ba, a ce tazarar bugu 2 a daƙiƙa, sai amon ya riƙa kumbura yana sacewa sau biyu a kowace daƙiƙa, kamar numfashin wani abu da ke kwance a bayan ƙyaure. In ka danne maɓalli guda na can ƙasa, kana buɗe filta sannu a hankali na tsawon rabin minti, mai kallo zai ji wani abu na matsowa tun bai gan shi ba. Rabin sirrin ke nan. Sauran rabin shi ne amsa-kuwwa, wadda ke sa ƙaramin sauti ya zama kamar a cikin rijiya gaba dubu aka buga shi.

Na'urorin da suka kafa wannan salo sanannu ne: Minimoog ta 1970, ARP 2600 ta 1971, Korg MS-20 da Prophet-5 na 1978, Roland Juno-60 ta 1982, sai Yamaha DX7 ta 1983 mai amon ƙarfe da ƙararrawa. John Carpenter, wanda ya shirya fim ɗin Halloween a 1978 ya kuma tsara kiɗansa da kansa, a kan bugu biyar ya gina karin maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa mai sauraro ba ya samun wurin ajiye ƙafa. Na kawo wannan ne don a gane cewa 'yan maɓallai kaɗan ake maimaitawa. Ba a bukatar na'ura mai sauti dubu.

To, tunda waɗancan tsofaffin su ne asali, me zai hana a nemo su? Ni dai ban ba kowa shawarar haka ba a garin nan. Farashinsu ya zama na masu tara kayan tarihi, wannan ɗaya. Na biyu, tsufa ya kama su. Juno-106 ta Roland, ta 1984, tana da muryoyi shida, wato amo shida take iya fitarwa a lokaci guda, kowace da wani ƙaramin guntu mai lamba 80017A, kuma an san shi da mutuwa bayan shekaru. Ya mutu, murya ɗaya ta tafi ko ta riƙa kuka ita kaɗai. Mai gyaran rediyo ko waya, komai gwanintarsa, ba lallai ne ya taɓa buɗe irinta ba, kayan gyaran ma sai an yi odar su daga waje. Sannan ga batun wuta. Ƙarfin tamu volt 230 ne, wadda aka ƙera don kasuwar Amurka 120 take ci, ta cikin gidan Japan kuma 100. Mutum ya manta ya soka ta kai tsaye a bango, dukiyarsa ta tashi a hayaƙi cikin ƙiftawar ido. Kada kwaɗayin suna ya ja ka.

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda nake ganin kowa ya kamata ya fara da ita, ita ce manhaja a kwamfuta. Mafi yawanmu muna da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, wanda ba shi da ita kuma akwai Reaper, lasisinta na mai ƙaramin aiki dala 60 ne. A cikinsu ake ɗora fulogin, wato ƙananan manhajojin da ke kwaikwayon sintesaiza ko sarrafa sauti, kuma na kyauta sun ishi fim guda cif. Surge XT da Vital suna yin dogon amo mai motsi na sararin samaniya. Dexed kwaikwayon DX7 ce, har ainihin sautukan tsohuwar tana karantawa, ita ce ta ƙararrawa mai sanyi irin wadda ake sa wa yaron da ke tsaye shi kaɗai a zaure. TAL-NoiseMaker ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Amsa-kuwwa kuwa, Valhalla Supermassive kyauta ce, kuma ban san abin da na fi amfani da shi a aikin ban tsoro kamarta ba. In kuɗi sun samu daga baya, TAL-U-NO-LX tana kawo ɗumin Juno-60 har da 'yar shuuu ɗin nan ta tsohon inji, Diva ta kamfanin u-he kuma ta fi kowa kusa da analog na gaske a kunnena, wato sautin da lantarki kansa ke haifarwa ba lissafin kwamfuta ba, sai dai tana cin ƙarfin kwamfuta ƙwarai. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, laftof mai ƙaramin ƙarfi za ta riƙa sarƙewa da ita, fanka na ihu, sauti na yayyankewa. A guji fulogin ɗin sata da ake turawa a filashi. Haƙƙin wasu ne, kuma sau da yawa su ke shigo da cutar da ke cinye aikin wata uku.

Aibin manhaja guda ne, amma babba ne: linzamin kwamfuta ba ya maye gurbin yatsu. Tsoro yana cikin yadda hannu ke murɗa filta yana bin fuskar ɗan wasa, ya ɗan tsaya inda ya tsaya, ya ƙara inda ya waiga. Maganin wannan shi ne ƙaramin kibod na MIDI, wanda ake haɗawa da kwamfuta a buga fulogin da shi, mai maɓallan murɗawa, irin Arturia MiniLab ko Akai MPK Mini, duka da wayar USB suke shan wuta daga laftof. Kafin ma ka saya, duba bayan fiyanon Yamaha PSR da ke situdiyonka. In yana da ramin USB na haɗawa da kwamfuta, ka riga ka mallaki kibod ɗin buga fulogin. Sautukan da ke cikinsa ne ba su dace da wannan aiki ba, don an yi su ne su fito fes, mu kuma sauti mai ɗan rauni da karkata muke nema.

Yanzu ga wanda ya ce shi dai sai ya riƙe na'ura ta gaske. Na fahimce shi, domin ranar da na fara murɗa analog da hannuna na ji bambancin a ƙirjina. Guda huɗu nake ganin sun cancanci a auna su.

Behringer Model D kwaikwayon Minimoog ce, osileta uku, murya ɗaya tak. Wajen amon ƙasa mai kauri da ke girgiza ciki, babu kamarta a wannan farashi. Amma ba ta da maɓallan bugawa, sai ka haɗa ta da kibod, kuma ba ta ajiye sauti: abin da ka saita yau, in aka taɓa maɓallan, ya tafi, sai dai ka ɗauki hotonsu da waya. Tana kuma son a kunna ta ta ɗan yi ɗumi kafin sautinta ya zauna, kuma sauyin zafin ɗaki yana karkatar da shi. A kiɗan soyayya wannan matsala ce, a namu wani lokaci alheri ne, don wannan 'yar karkatar ita ke hana kunne sakewa. Inda take ba da wahala shi ne in darakta ya dawo bayan mako biyu ya ce a ƙara daƙiƙa goma a wani fage da irin sautin nan dai. Kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, sai a sake jiran ɗumi daga farko.

Korg Volca Keys 'yar ƙarama ce kamar littafi, batir shida na AA take ci, tana da muryoyi uku da maimaicin sauti a cikinta. Ita ce mafi araha, kuma ba ruwanta da wutar gari. Maɓallanta ƙanana ne sosai, sautinta siriri ne, ba za ta riƙe fim ita kaɗai ba. Ta koyo ce da ƙarin ado.

Arturia MicroFreak, wadda ta fito a 2019, ita ce ta ƙagen kimiyya a cikinsu. Osiletarta dijital ce, filtarta analog, tana fitar da irin sautukan da ba ka iya cewa ga abin da ya yi su: kukan inji, raɗar ƙarfe, magana irin ta mutum-mutumi. Maɓallanta ba sa nutsewa, shafaffen allo ne da ke jin taɓawar fata, ga shi babu ramukan da ƙura za ta shiga tsakaninsu. Tana aiki da wutar USB, ko da fawa-bank. Ba ta da amsa-kuwwa a ciki, don haka in ka ji ta tsirara a shago za ka raina ta. Sai an bi da ita ta Supermassive take nuna kanta.

Wadda na fi amincewa da ita ga mai son na'ura guda ta yi masa komai ita ce Korg Minilogue XD, ita ma ta 2019. Muryoyi huɗu na analog, da ƙarin osileta dijital, da amsa-kuwwa da maimaici a cikinta, tana ajiye sautuka ɗaruruwa, tana daidaita kanta in zafi ya karkatar da ita. Muryoyi huɗun nan suna da muhimmanci: da su za ka danne maɓallai biyu maƙwabta a tare, su riƙa gogar juna kamar haƙora, ka ɗora na uku daga sama. Tana kuma barin ka ka sauya tazarar da ke tsakanin maɓallai, ka fita daga ma'aunin fiyanon Turawa, ka kusanci karin goge ko sarewa sannan ka ɗan murguɗe shi. Wannan ya fi taɓa ni, domin Bahaushe ya fi tsorata da abin da ya sani in ya dawo masa a karkace, kamar muryar ɗan'uwa tana kira daga inda bai kamata ba. Ta fi sauran ukun tsada, kuma sai da wutar bango. Akwai Behringer DeepMind 12 mai muryoyi goma sha biyu da ke bin sahun Juno, sautinta mai faɗi ne, amma maɓallanta na ja-sama-ja-ƙasa ne, kowane da buɗaɗɗen tsagi, kuma duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san abin da hazo ke yi wa irin wannan tsagi. Masu murɗawa sun fi jure ƙura. Ko wacce ka saya, ka ɗinka mata riga wurin tela tun ranar farko.

Abin da mutane ke mantawa a lissafi shi ne na'urar ba ita kaɗai za a saya ba. Sai da sawun-kad da zai shigar da ita kwamfuta, irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC202HD, da wayoyi masu kyau. Sai da hedifon na gaskiya, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M40x, kuma a kula, jabunsu sun cika kasuwa. Ni a wurina hedifon ya fi sintesaiza muhimmanci, domin kiɗan ban tsoro yawancinsa a ƙasa-ƙasa yake, abin da ba ka ji ba kuwa ba za ka iya gyara shi ba. Wutar janareta da ta inbata mai araha suna shigo da wani gunji cikin layi. A waƙa mai ganguna ba a jin sa, amma a fagen da shiru ya yi yawa sai ya fito fili. In za ka ɗauki irin wannan fage, cire cajar laftof ka yi a kan batir, in kuma za ka haɗa sola, nemi inbata mai tsabtatacciyar wuta. Kuma ka tuna masu kallonka a waya za su gani. Lasifikar waya ba ta fitar da amon can ƙasa, saboda haka ka ɗan buɗe filta har kaifin amon ya leƙo, ka saurara a wayarka kafin ka miƙa aiki.

Wajen saye, da wuya ka tarar da waɗannan a shagunan cikin gari. Yawanci daga Legas suke zuwa, kasuwar Alaba ko dillalan kayan kiɗa, wani lokaci a dace a Sabon Gari ta Kano, ko a ba wani mai dawowa daga waje saƙo. Farashi yana bin dala, don haka ka tambaya a ranar da za ka biya. In ta hannu ce, kada ka tura kuɗi sai an nuna maka ta a kiran bidiyo: a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a murɗa kowane mamurɗi kana jin ko yana ƙarar yashi, a nuna maka ainihin cajarta da rubutun da ke jikinta, ka ga ko tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240. In za a sako ta a mota, a naɗe ta da soso cikin kwali biyu, hanyar tana da nisa.

Ƙanen nan nawa kuɗinsa ba su kai na Minilogue ba, na kuma hana shi cin bashi. Hedifon ya saya da ƙaramin kibod na MIDI, muka sauke Surge XT da Dexed da Supermassive. Muka gayyato wani dattijo mai goge, muka roƙe shi ya ja mana amo ɗaya dogo ba tare da kari ba. Ya dube mu ya ce, "Yara, wanga ai ba kiɗi ba ne," amma ya ja, muka sallame shi da haƙƙinsa. Muka saukar da amon ƙasa, muka shimfiɗa osileta biyu masu gogar juna a ƙarƙashinsa, muka ɗora a fagen da manomin ke matsawa kusa da ramin da fitila a hannu. MicroFreak yake tara wa kuɗi yanzu, don fim na biyu, inda abin da ya faɗo zai fara magana.