SORBS Ta Rufe: Abin Da Masu Kula Da Sabar Imel A Kano Za Su Duba

A watan Yunin 2024 kamfanin Proofpoint ya rufe SORBS, jerin baƙaƙen adireshin da masu kula da sabar imel suka shafe sama da shekara ashirin suna dogaro da shi wajen tare saƙonnin shara. Michelle Sullivan ce ta kafa shi a Ostareliya, GFI Software ya saya a 2009, ya koma hannun Proofpoint a 2011. Har yau akwai sabobin makarantu da na masana'antun Bompai da Sharaɗa da sunansa ke kwance cikin saitinsu, domin wanda ya ɗora sabar ya daɗe da barin aikin.

Aikinsa ba wuya. Idan saƙo ya zo daga adireshin IP 192.0.2.10, wato lambar kwamfutar da ta aiko shi, sabarka za ta juya lambobin ta tambayi DNS, tsarin neman sunaye na intanet, labarin 10.2.0.192.dnsbl.sorbs.net. In amsa ta zo da 127.0.0.6, an taɓa kama adireshin yana aika shara, in 127.0.0.10 ce, adireshin gida ne mai sauyawa wanda bai kamata ya aika imel kai tsaye ba. In babu amsa, saƙo ya wuce. Kyauta ne, kuma ya tare shara mai yawa daga kwamfutocin da ƙwayar cuta ta kama. Wannan yabo ya cancance shi.

Sai dai hannunsa ya yi nauyi. Yakan haɗa mai laifi da maƙwabtansa ya toshe rukunin adireshi sukutum, fita daga jerin kuma sai an sha jira. A shekarun farko ma sai an ba da gudummawar dala 50 ga wata ƙungiyar agaji kafin a cire mutum daga sashen masu aika shara. A nan Kano, inda ƙananan kamfanoni ke raba saba ɗaya da ɗaruruwan mutane, laifin wani kan sa takardar farashin ɗan kasuwar Kantin Kwari ta dawo masa ba ta isa ga mai saye ba. Hukuncinmu: ya dace a ba shi maki kaɗan cikin awon da ake haɗa makin jeri da yawa, bai taɓa dacewa a bar shi ya yanke hukunci shi kaɗai ba.

Rufewar ta zo da sauƙi, an kwashe bayanan ne aka bar jerin fayau, kowane saƙo yana wucewa. Kada wannan ya sa a saki jiki. ORDB, wani jeri irin SORBS, ta daina aiki a Disambar 2006, amma a Maris 2008 ta fara amsa cewa kowane adireshi a duniya mai laifi ne, don a tilasta wa mutane cire ta. AHBL, ita ma jeri ce irinsa, ta yi haka a farkon 2015. A Janairun 2021 rajistar sunan jerin SpamCop ta ƙare na ɗan lokaci, sabobi suka riƙa korar saƙonnin kirki. Mataccen jeri a cikin saiti garwashi ne a ƙarƙashin toka.

Don haka a cire SORBS yau. A manhajar sabar imel ta Postfix, buɗe fayil ɗin main.cf ka nemi sorbs a layin reject_rbl_client da na postscreen_dnsbl_sites, ka goge, sannan postfix reload. A manhajar Exim duba layin dnslists. Masu cPanel su shiga WHM, sashen saitin Exim. A manhajar tace shara ta SpamAssassin gudanar da sa-update, ka sa maki 0 ga duk dokar da ta fara da RCVD_IN_SORBS idan ta rage. Kada a manta da na'urar tsaron da ke bakin hanyar sadarwa, ita ma takan ɗauki nata jerin daban.

Maye gurbinsa kuwa da awo ake yi. A postscreen, mai gadin ƙofar Postfix, muna ba zen.spamhaus.org maki 3, bl.spamcop.net 2, b.barracudacentral.org 2, iyakar kora kuma 3; ke nan Spamhaus kaɗai ke iya kora ita ɗaya, sauran biyun sai sun haɗu. Barracuda na buƙatar ka yi rajistar adireshin DNS ɗinka tukuna. Spamhaus kyauta ce ga ƙaramin amfani da ba na kasuwanci ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne tambaya ta 8.8.8.8 na Google ko wani DNS na kowa da kowa. Spamhaus takan amsa irin wannan da 127.255.255.254, ma'ana ta ƙi tambayar, amma sabar da ba a ƙayyade mata amsoshi ba sai ta ɗauka toshewa ce ta kori kowa. Ɗora Unbound, manhajar DNS, a kan sabar don ta riƙa tambaya da kanta, sannan ka ƙayyade amsoshin a postscreen da zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]*3, inda *3 ke nufin maki 3 ɗin.

Ka kuma sa gwajin da zai riƙa gudana kullum a kan kowane jeri: 127.0.0.2 dole ya fito a toshe, 127.0.0.1 dole ya fito babu shi. Ranar da ɗaya ya saɓa, kashe jerin nan take.