Sandar fatsar da na saya a Sabon Gari: ta yi a Tiga, ta sha wuya a Yauri

Tun ina yaro a Gwale nake fatsa a kududdufi da kara da zaren ɗinki. Bara da ɗan rarar kuɗi ya shigo, sai na ce bari ni ma in yi irin ta masu hali. Na shiga Sabon Gari na sayo sandar nan 'yar Chana mai zugewa kamar eriyar rediyo, tsawonta mita 2.7, haɗe da abin naɗe zare da 'yan ƙugiyoyi. Mai shagon har da rantsuwa, wai ko giwan ruwa ne za ta fito da shi.

A dam ɗin Tiga na fara gwada ta, kuma gaskiya ban ga laifinta ba. Ba ta da nauyi, in ka tattare ta jakar goyo ma ta ishe ta, tana kuma wurga ƙugiya nesa. Karfasa da ƙananan tarwaɗa kam, da tana kawai na cika bokiti.

A watan Janairu wani abokina mai kawo bandar kifi Kano ya ja ni Yauri. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwan. Mu nan hunturu ya busar da rafuka, can kuwa kogin Neja cike yake, ruwan garai-garai. Ashe daminar da aka yi a tsaunukan Gini ce take isowa a makare, bayan ta shafe watanni tana ratsa fadamun Mali, inda take barin lakarta. Ga kuma dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 yana tokare ruwan har zuwa wajen Yauri. Tsage, kifin da muka je nema, da ido yake farauta, don haka irin wannan ruwan muke so, ba jan ruwan damina ba.

Muka ɗauki kwale-kwalen wani dattijo basarke bayan asuba. Na ɗaura ɗan cokalin ƙarfen nan mai ƙyalli, na wurga, ina naɗowa a hankali. Sai ji na yi an fizge sandar kamar za a raba ni da kafaɗa. Kifin ya yi tsalle sama, fari fat da baƙaƙen zane a gefe, jela ja-ja, ya girgiza kai sau ɗaya. Shi ke nan, zare ya dawo fayau. Cokali uku na rasa haka kafin hantsi.

Dattijon ya sha dariyarsa ya ƙoshi, ya ce, "Bakano, tsage ba karfasa ba ne." Na ce, "To Baba, ya za a yi?" Ya laluba aljihu ya ciro tsohuwar wayar birkin keke, ya warware sili biyu, ya murɗa kamar taƙi guda tsakanin zaren da cokalin. Da ita na kama ɗaya. Da na ga haƙoran, saƙe cikin juna, a waje suke ko bakin na rufe, na daina ganin laifin zaren kacokan, amma dai zaren robar da ke zuwa da sandar siriri ne ƙwarai.

Sandar kanta ta lanƙwashe ba ta karye ba, wannan na yaba mata. Abin naɗin ne ya ba ni haushi: kwana biyu cikin yashi da ƙurar hunturu ya fara ƙara kamar injin markaɗe, ƙusar mariƙin tana ta kwancewa. Gaɓa ta uku kuma ta cije, har yau ba ta komawa ciki.

Mai zuwa Tiga ko Challawa ranar Asabar ya saya, kuɗinsa ba za su yi kuka ba. Mai niyyar Neja ya canja zare mai kauri, ya tafi da waya, in da hali ya nemi sanda mai gaɓa biyu. Da na dawo na koma shagon neman wayar, mai shagon ya ce bai taɓa jin ana saka ta ba. Wajen mai gyaran keke na unguwarmu na samo.