Katako ko soso: mazaunin ƙaramar bindiga a akwatin ƙarfe

Mai lasisin ƙaramar bindiga a Saudiyya, in zai haɗa mata mazauni da kansa, zaɓi biyu ne: soso ko katako. Soso ba tsada, wuƙa ta isa a yanka shi daidai jikin bindigar. Amma a Jidda, inda iskar teku ke ɗauke da laima, soson katifa yana riƙe danshi, sai ka ɗago bindiga ka tarar tsatsa ta yi ɗigo-ɗigo a gefen da ta kwanta. A Riyad da sauƙi, garin busasshe ne. Katako kuwa sai an tsaga gurabe, a manna ƙyalle kada ya karce ƙarfen. Ni katakon zan ɗauka, in jefa ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu shanye danshi, a kusurwar akwatin, harsasai kuma a kulle su daban.